DARASI NA GOMA SHA BIYU: SA RANAR AURE

Jama'a, darasinmu na yau a kan sa rana ne. Babu wanda bai san sa rana ba a cikin ajin nan. Wani an sa masa, wani ya sa wa ɗansa, wani kuwa kwanan nan za a zo neman 'yarsa. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Gaskiya ne. In an yanke rana, ko an shirya ko ba a shirya ba, sai ta zo.

Da yawa daga cikinku kun haife ni, ba zan koya muku al'adar aure ba. Abin da na ke so mu koya shi ne yadda mai karatu zai duba kalanda, ya yi ɗan lissafi, ya rubuta rana a takarda, don kada gidansa ya ji kunya ko ya faɗa bashi. Bari mu fara da labari.

1. LABARIN GIDA BIYU

Wani manomi yana da 'ya budurwa. Wani saurayi na ƙauyen ƙetaren rafi ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Magabata suka shiga maganar, aka kai gaisuwa, aka yi baiko.

Ran nan da bazara, watan sama ya kwana ashirin, sai baffan yaron ya zo da mutum biyu, da goro da alewa. Uban yarinya ya tura su wurin wansa, gama shi ne waliyyi. Da aka gaisa, sai baffan yaro ya ce, "Malam, mun zo ne a yanka mana rana."

Waliyyi ya ce, "Madalla. Wata huɗu, in Allah ya kai mu."

Baffan yaro ya ce, "Mun gode, Malam. Allah ya nuna mana."

Aka shafa Fatiha, aka raba goro, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya rubuta kome.

To, ashe dangin ango da watan da ke sama suka fara ƙirga, suka ce shi ne na ɗaya. Dangin amarya kuwa sai da sabon wata ya tsaya kana suka fara nasu ƙirgan. Kun ga an sami bambancin wata guda cur, ba wanda ya sani.

Ana tsakiyar damina sai ga manzo daga ƙetaren rafi, ya ce, "An ce in gaishe ku, saura kwana goma." Uban yarinya ya ce, "Wane irin kwana goma? Ai saura wata guda da kwana goma." Musu ya tashi. Wannan ya ce ba haka aka yi ba, wancan ya ce haka aka yi. Har magana ta kai ga mai unguwa. Don gudun a ce ya ta da magana, sai uban yarinya ya haƙura, ya bi lissafinsu.

Ga shi ba a gama haɗa kayan ɗaki ba. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Sai ya kama ɗaya daga cikin shanun huɗarsa guda biyu ya sayar. Kuɗin ba su isa ba, ya je ya ci bashi a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi.

Ranar ɗaurin aure tun da asuba ruwa ya sauko. Rafi ya kawo, ya hana ƙetarewa. Dangin ango suka wuni a gaɓa suna kallon ruwa, liman yana zaure yana jira, abinci ya huce a tukwane. Sai dab da almuru aka ɗaura aure.

Da kaka ta yi, gonar mutumin nan ba ta ba da abin kirki ba, domin ciyawa ta cinye ta lokacin da ya ke fafutukar biki. Ɗan abin da aka samu, mai bashi ya zo da buhunansa ya kwashe. Gidan nan ba su warware ba sai da shekara ta kewayo.

Wa ya yi ƙarya a cikinsu? Babu. Duka dattawan kirki ne. Amma an yi kuskure uku. Ba a faɗi ranar sosai ba. Ba a duba wane lokaci na shekara za ta faɗa ba. Ba a kuma rubuta ba.

2. LISSAFI IRI BIYU

Muna da lissafin kwanaki iri biyu, kuma duka muna aiki da su.

Na farko shi ne na watan sama, watau lissafin Hijira. Watanninsa goma sha biyu ne: Muharram, Safar, Rabi'ul Awwal, Rabi'us Sani, Jimada Ula, Jimada Sani, Rajab, Sha'aban, Ramadan, Shawwal, Zulƙida da Zulhajji. Tsofaffinmu su kan ce wa Muharram watan Cika-ciki, Rajab watan Azumin Tsofaffi, Sha'aban watan Sha Ruwan Tsofaffi, Shawwal watan Ƙaramar Salla, Zulhajji kuwa watan Babbar Salla. Ko wane wata kwana 29 ne ko 30. Shekarar tana da kwana 354, wani lokaci 355.

Na biyu shi ne na rana, wanda mu ke ce wa na boko, daga Janairu zuwa Disamba. Shekararsa kwana 365 ce, a shekara ta huɗu 366. Wannan lissafi shi ke tafiya tare da damina da rani. Agusta ko da yaushe cikin ruwa ya ke. Janairu ko da yaushe cikin ɗari ya ke.

To, ku ɗebe 354 daga 365. Saura 11. Watau ko wace shekara watan sama ya kan riga zuwa da wajen kwana 11. Ga shaida, ranakun da aka yi Babbar Salla a Najeriya:

2023, ran 28 ga Yuni
2024, ran 16 ga Yuni
2025, ran 6 ga Yuni

Kun ga tana ja da baya, wata shekara kwana 12, wata shekara kwana 10. In muka duba can baya, a 2010 cikin Nuwamba aka yi ta, rumbuna cike. A 2017 ran 1 ga Satumba aka yi, ana cikin ruwa. A 2025 kuwa ta zo da farkon damina, lokacin shuka. A shekarar 2006 har sau biyu aka yi Babbar Salla, ɗaya cikin Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Sai bayan wajen shekara 33 wata ya kan komo inda ya taso.

Saboda haka wanda ya ce, "Mu a gidanmu bayan Layya mu ke aure, haka muka gada," sai ya tsaya ya duba. Bayan Layyar da aka yi wa babbar 'yarsa aure ta yiwu kaka ce. Bayan Layyar da za a yi wa auta ta yiwu lokacin noman farko ne.

3. LOKUTAN SHEKARA

Mu manoma ne, aljihunmu da gona ya ke tafiya. A ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato ruwa ya kan sauka cikin Mayu ko Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Can arewa, wajen Maraɗi da Damagaram, damina ta fi wannan gajarta.

Da bazara, watau Maris zuwa Mayu, zafi ya yi yawa, rijiyoyi sun ja baya, ana sharar gona. Mai biki da baƙi da yawa zai sha wahalar ruwa.

Da damina, watau Yuni zuwa Satumba, kowa yana gona. Kwana uku da mutum zai bar gona don biki, ciyawa ba za ta jira shi ba. Agusta shi ne watan marka. Hanyoyi su kan lalace, rafuka su cika, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. A nan ne abinci ya fi tsada.

Da kaka, gero ya kan fara shigowa wajen Satumba, gyaɗa ta biyo, dawa kuwa sai Nuwamba ko Disamba. Hatsi ya yi araha, amma hannu bai huta ba sai an gama kai amfani gida.

Daga Disamba zuwa Fabrairu an gama girbi, hanya ta bushe, akwai abin sayarwa. Ga yawancin manoma wannan ne lokacin da biki ya fi sauƙi.

Amma ko wane gida da halinsa. Mai noman rani a fadama, lokacin nan ne aikinsa ya ke tsananta. Samari da yawa kuma su kan tafi cin rani da an gama girbi. Kowa ya duba sana'arsa da ta surukansa. A duba ranar kasuwa, kada biki ya faɗa kanta. In yarinya ko yaro suna makaranta, a tambayi malaminsu yaushe ne jarrabawa, yaushe ne hutu.

4. ABIN DA ADDINI YA HANA, DA WANDA BAI HANA BA

Wasu su kan ce ba a aure a watan Safar, wasu su ce wata rana ba ta da sa'a, har su kai kuɗi wurin mai duba ya zaɓa musu rana. Wannan camfi ne. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi da watan Safar. Larabawan jahiliyya kuma suna gudun aure cikin Shawwal. Amma Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa cikin Shawwal Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aure ta, cikin Shawwal kuma ta tare. Kwanaki duka na Allah ne. Kuɗin da za a kai wa mai duba, gara a ƙara a kayan ɗaki.

Ko cikin watan Azumi aure yana ɗauruwa. Sai dai hidimar biki da azumi ba su cika haɗuwa ba, shi ya sa mutane ke yi kafin azumi ko bayan Salla.

Akwai dai lokutan da shari'a ta hana da gaske, su ne ya kamata a kiyaye.

Na ɗaya, idda. Matar da aka saka tana yin tsarki uku. Wadda ba ta ganin al'ada, wata uku. Mai ciki, sai ta haihu. Wadda mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234. Cikin idda ba a ɗaura aure, ba a ma fito fili a nemi auren, balle a sa rana. Auren da aka ɗaura cikin idda ɓatacce ne, alƙali zai raba shi.

Ga amfanin rubutu a nan. In an rubuta ranar rasuwa, lissafi ba wuya. A ce miji ya rasu ran 5 ga Muharram. Ran 5 ga Safar wata ɗaya, 5 ga Rabi'ul Awwal wata biyu, 5 ga Rabi'us Sani wata uku, 5 ga Jimada Ula wata huɗu. A ƙara kwana goma, ya zama wajen 15 ga Jimada Ula. Sa'an nan a kai wa liman lissafin ya tabbatar, domin kwana ɗaya yana iya shiga tsakani.

Na biyu, harami. A mazhabar Malikiyya wanda ya ɗaura haramin Hajji ko Umara ba ya aure, ba ya kuma aurar da wata, sai ya sauke. In ango ko waliyyi yana da niyyar Makka, a sa ranar kafin tafiya ko bayan dawowa.

5. GWAJI KAFIN RANA

Akwai wani abu da kakanninmu ba su samu ba, mu mun samu, watau gwajin jini a asibiti. Kun san cutar amosanin jini, wadda a ke ce wa sikila. Gadonta a ke yi daga uwa da uba. Mutum yana iya ɗauke da irinta alhali lafiyarsa lau, a takardarsa za a rubuta AS. In AS ya auri AS, ko wane ciki da za a ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa SS, watau mai cutar sosai.

A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila, da na ciwon hanta, da na cuta mai karya garkuwar jiki. Ko a inda babu doka, hankali ya isa. Shawarata ita ce a yi gwajin sikila tun kafin a raba goron sa rana. In sakamako bai yi daɗi ba, a janye a asirce, ba wanda ya ji. In kuwa sai an kai lefe kana aka gwada, janyewa ta yi nauyi. Rigakafi ya fi magani.

6. YADDA A KE ƘIRGA RANA

Ku ɗauko kalanda irin mai lissafi biyu, na boko da na Hijira. A sama an jera kwanakin mako bakwai. Ka sa yatsa a kan yau. In ka sauka layi ɗaya, ka ƙara kwana 7, kuma rana iri ɗaya ce. In yau Asabar 3 ga wata, Asabar mai zuwa 10, ta gaba 17, sai 24, sai 31 in watan ya kai.

Don sanin tsawon watannin boko, ka dunƙule hannunka. Za ka ga tudu huɗu a gindin yatsu, da kwari uku a tsakaninsu. Fara da Janairu a tudun farko, Fabrairu a kwari, Maris a tudu, har Yuli a tudun ƙarshe. Sa'an nan ka komo tudun farko da Agusta. Duk watan da ya hau tudu kwana 31 ne. Wanda ya faɗa kwari kwana 30 ne, ban da Fabrairu mai 28 ko 29.

Sai a kiyaye abu biyu. Na ɗaya, mai buga kalanda lissafi ya yi tun shekara ba ta kama ba. Tsayuwar wata kuwa sai an gani. A Najeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke ba da sanarwa daga Sakkwato. Sau da yawa a kan sami bambancin kwana ɗaya. Don haka kada a ce "20 ga Rajab" kurum. A haɗa da sunan ranar, da kwanan watan boko, domin su ba su motsi.

Na biyu, a wurinmu dare shi ke riga rana. In an ce "daren Juma'a," ana nufin daren da ke biye da wunin Alhamis. Yaran zamani da yawa ba haka su ke ɗauka ba. In za a kai amarya da dare, a faɗa sarai, a ce "ran Alhamis bayan sallar Isha."

Ga yadda a ke rubuta rana cikakkiya: Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446, daidai da 6 ga Yuni 2025. Wannan ita ce ranar Babbar Sallar shekarar.

7. TAKARDAR SA RANA

Kafin waliyyi ya buɗe baki, ya shiga cikin gida ya tambayi uwar yarinya. Ita ta san abin da aka tara da abin da ya rage. A ji ta bakin yarinyar ita ma. Shi kuma baffan yaro ya tabbata sadaki da ɗakin zama za su samu kafin lokacin. Kada a sa rana kusa ƙwarai, a shiga gaggawa. Kada kuma a kai ta nesa ƙwarai, masu tsegumi su sami ƙofa.

In an daidaita, a rubuta takarda biyu iri ɗaya, ko wane gida ya riƙe guda. Ga samfuri:

Da sunan Allah. Yau ran ........, ........ ga watan ........, shekarar ........, mun taru a gidan ........ mun sa ranar auren ........ ɗan ........ da ........ 'yar ......... Za a ɗaura aure in Allah ya so ran ........, ........ ga watan ........ na Hijira, daidai da ........ ga watan ........ na boko, da ƙarfe ........, a ......... Za a kai amarya ran ......... In wani uzuri ya taso, mai uzurin zai sanar da ɗan'uwansa da wuri.

Waliyyin ango ........
Waliyyin amarya ........
Shaidu ........ da ........

Wani zai ce, "Ashe ba a yarda da juna ba ke nan?" A'a. Ba don rashin yarda a ke rubutawa ba, don mantuwa ne. Ɗan Adam ajizi ne, takarda kuwa abin da aka ba ta shi za ta mayar.

8. ƘARSHEN LABARI

Bayan shekara uku aka zo neman ƙanwar yarinyar nan. Lokacin kuwa wanta ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatu da rubutu. Da baƙi suka ce a yanka musu rana, waliyyi ya buɗe baki zai ce wata kaza, sai yaron ya durƙusa ya ce, "Baffa, a gafarce ni, ko a bari in ɗauko kalanda?"

Baffan ya yi murmushi ya ce, "Ɗauko, ɗana. Wancan karon mun sha."

Yaro ya ɗauko, ya nuna musu inda azumi zai faɗa, da inda girbin dawa zai ƙare. Aka aika cikin gida, uwa ta ce ta yarda. Aka zaɓi wata Asabar cikin Janairu wadda ba ranar kasuwa ba. Yaro ya rubuta takarda biyu, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Masu iya rubutu suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa.

Ranar ta zo, rafi a bushe, baƙi suka iso da hantsi. Ba a sayar da sa ba, ba a ci bashi ba. Allah ya sa namu su zo da irin wannan sauƙi, amin.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne kurakurai uku aka yi a auren farko?
2. Kwana nawa ne a shekarar Hijira? Nawa ne a ta boko?
3. Me ya sa Babbar Salla ta kan zo wani lokaci da kaka, wani lokaci da damina?
4. Faɗi lokuta biyu da shari'a ta hana ɗaurin aure.
5. Yaushe ya fi kyau a yi gwajin sikila? Don me?
6. In an ce "daren Lahadi," wane dare a ke nufi?

AIKI

1. In 4 ga wata Juma'a ce, rubuta sauran Juma'o'in watan.
2. In miji ya rasu ran 12 ga Rajab, wajen yaushe matarsa za ta fita takaba?
3. Kwafi takardar sa rana a littafinka da hannu mai kyau, ka cike gurabun da sunayen da ka ga dama, ka kawo wa malamin aji ya duba ran da za mu sake haɗuwa.